Motar da Illi Ya Bari a Imuraren

Muktari ɗan maƙeran Agadas ne. Ubansa yana ƙera linzami da ƙarafan sirdin raƙumi, shi ma a gindin zuga-zugi ya buɗe ido, kuma da can zai tsufa in ba don aikin tilas ba. Shekarar da aka kwashi samarin unguwarsu zuwa gyaran hanyar Damagaram, wata babbar mota ta mutu kusa da inda suke fasa dutse. Makaniken da aka aiko ya tayar da ita, wani mutumin Dahome, ya ce a ba shi wanda ya san ƙarfe ya riƙe masa. Aka turo Muktari. Daga ranar bai sake komawa maƙera ba. Ya yi shekaru a wani gareji a Damagaram, ya dawo Agadas da furfura a gemu, da matarsa Hawa, da ɗa guda da ya rayu a cikin waɗanda suka haifa, Illi.

Duk gyaran manyan motoci masu shan gazuwal, wato man dizal, yana yi, amma aiki ɗaya aka san shi da shi. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani faifai na jan ƙarfe mai ramuka, masu gareji suna ce masa juwan kilas. Shi ke raba wuta da ruwa da mai, kowa ya bi hanyarsa. In ya ƙone, mota takan fara shan ruwanta, ta yi farin hayaƙi, man injin ya koma kamar kunu. A gari wannan ɓacin rana ne kawai. A hamada kuwa, motar da ta fara shan ruwa da direbanta take rabon salka. Muktari yakan sauke kan, ya kankare tsohon faifan har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai ya leƙa ta rana ya ga ko haske na ratsawa. Ɗaurin kusoshi kuma daga tsakiya yake farawa, ya riƙa kewayowa zuwa gefe kamar mai ɗinkin faifai, kaɗan-kaɗan, ya koma tsakiya ya sake. In inji ya yi zafi ya huce, sai ya ƙara bi. Ba ya yarda mota ta kama hanya kafin wannan bin na ƙarshe. Ba ya kuma zubar da ruwan zafin inji a ƙasa sai ya yi bisimilla, don ba a san wa ke kwance a wurin ba.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa wasu Nasara suka shigo Abzin da akwatuna masu kuka in an kai su kusa da wani irin dutse. Suka kafa zango a filin da ke yamma da duwatsu, wajen da garin Arlit yake a yau. A lokacin babu ko bango ɗaya a can, sai tantuna da gangunan ruwa. Komai daga Agadas ake kai musu, don haka aka nemi direbobi. Illi ya shiga. Ya riga ya yi aure, matarsa Fadimata tana zaune a gidan Muktari. Mutum ne mai sanyin magana, kuma mai ladabi fiye da kima. Tun yana ƙarami Hawa ba ta taɓa barinsa ya bar baƙo ya fita gidansu shi kaɗai ba. Sai ya raka shi har baƙon ya ce masa ya koma.

Cikin bazara suka fita mota biyu, shi da wani direba Amumun. A filin Imuraren motar Illi ta fara farin hayaƙi. Suka duba, suka ga juwan ne. Illi yana da sabo a akwatinsa, kuma aikin ubansa ne, ya iya. Suka mai da kayan da ake jira cikin motar Amumun, aka bar wa Illi gangar ruwa da abinci, Amumun ya wuce zango da niyyar ya biyo ta kansa. Da ya dawo, ya tarar da mota, ya tarar da ruwa, bai tarar da Illi ba. Iska ta riga ta share ƙasa. Aka nema da mota, aka nema da raƙuma, ba a ga ko takalmi ba.

A gida abin ya tsaya cak. Limamin unguwa ya ce ba a yi wa wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba salla, kuma Fadimata ba za ta shiga takaba ba, sai ta jira shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓace. Ta zauna, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Mata suna shigowa ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi ba, sai su yi zancen tsadar gero su fita. Muktari bai ce ɗansa yana da rai ba. Ya san filin, ya san bazara. Abin da yake so shi ne kabari, wurin da zai iya cewa nan yake.

Shi ya sa da Bafaranshen da ke kula da motocin zangon ya ce motar ba za ta dawwama a daji ba, sai an je an tayar da ita, Muktari ya ce shi zai je. Mutumin ya ce akwai wasu, ba lallai sai shi ba. Muktari ya ce ya sani.

Amumun ne ya ɗauke shi. Gwani ne wajen baki, kuma kamar kowa a Abzin yana wasa da maƙera, amma sun yi nisa sosai kafin ya iya buɗe baki.

"Maƙeri, ka rage nauyi. Ko Hawa ta gane ka cika ci ne?"

"Motarka ce ke girgiza ni. Wa ya koya maka tuƙi, jaki?"

"Jakin ubanka, wanda ya ƙi biyan linzami." Ya yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu. "Baba Muktari, da na zauna da shi."

"Da ka zauna, da su can zango sun kwana da ƙishi. Kalli gabanka, akwai rairayi."

Suka isa da hantsi. Filin shimfiɗe yake, tsakuwa baƙa-baƙa da rairayi, babu itace sai wata ƙaya can nesa. Motar tana tsaye da murfin injinta a buɗe, an rufe injin da buhu an danne da duwatsu. Amumun ya ce shi ya rufe, amma bai taɓa komai ba. Muktari ya hau ya yaye buhun.

Injin irin mai kawuna uku ne, kowane kai mutum ɗaya na iya ɗagawa. Na tsakiya Illi ya buɗe. Ya riga ya sa sabon juwan, ya mayar da kan, ya fara ɗauri. Muktari ya bi kusoshin da yatsa. Na tsakiya sun kama, na kusa da su sun kama. Daga nan sai dogon kile, ƙarfen ɗaurin, yana nan maƙale a kan kusa ɗaya, ya tsaya a rabin juyi. Sauran na gefe da hannu ma suna juyawa.

Ya daɗe yana kallon kilen. Babu makaniken da ke barin ɗauri a rabi don fitsari ko don yunwa, balle wanda shi ya koya wa.

A gindin motar, ta gefen gabas, akwai murhun shayi na waya da toka a ciki, da buta, da finjali biyu a jere. Rairayi ya cika su.

"Kun sha shayi kafin ka wuce?"

"Ko ruwa ban tsaya sha ba," in ji Amumun. "Na ga finjalan. Na ce ko wani makiyayi ne ya biyo. Mun tambayi duk wanda ke kiwo daga nan har Dannat, babu wanda ya ce ya zo."

Ya sauke masa batir biyu masu wuta, da mai, ya ɗora masa gangar ruwa sabuwa a bayan motar Illi. Ya so ya zauna, Muktari ya ce kayan da ya ɗauko ba za su kai kansu ba. Ya tafi yana waiwaye.

Da la'asar wani tsoho ya ɓullo da raƙuma 'yan kaɗan. Sunansa Aghali, shi ne ya ja masu neman a kan raƙumi. Ya durƙusar da raƙuminsa nesa da motar, suka gaisa doguwar gaisuwa. Da ya gane uban direban ne, ya ja amawalinsa sama. Can ya nuna finjalan da haɓa.

"Na faɗa wa mutanen mota, suka ce zancen tsofaffi ne. Ɗanka baƙo ya yi."

"Wane baƙo?"

"Na tsakar rana. Filin nan yana da shi tun kafin kakana. Ba ya zuwa wa mutum biyu, sai wanda yake shi kaɗai. Yana sallama kamar kowa, yana shan shayi kamar kowa, har na uku. Ba ya sata, ba ya duka. In ya sha na ukun sai ya tashi."

"To, mene ne laifinsa?"

"Ba shi da laifi. Bai iya cewa koma ba ne kawai." Aghali ya tsinci tsakuwa ya jefar. "Mu masu kiwo, in ya tashi, muna zaune muke ce masa sauka lafiya. Rashin kunya ne, mun sani, amma da ranmu. Ku mutanen gari ne ke tashi rakiya. Ka taka masa kaɗan, kana jira ya ce ya isa haka, bai ce ba. Ka ƙara kaɗan. Ɗan mutunci ba zai juya wa babba baya ba tare da an sallame shi ba. In ka waiwaya kuma, babu mota, babu komai."

"Ina yake kai su?"

"Ban taɓa bi ba, shi ya sa kake ganina."

"Hanya ɗaya yake bi kullum?"

Tsohon ya dube shi sosai. "Maƙeri, ka gyara motarka ka tafi gida. Kana da mata."

Ya ja raƙumansa ya yi arewa. Muktari ya zauna har inuwar motar ta yi tsawo. Shi mutum ne da ya ga abin da zafi da kaɗaici ke yi wa kan ɗan Adam. Ya taɓa ganin direban da ya tuɓe rigarsa ya shiga rairayi yana cewa kogi ne. Bai yanke wa ransa cewa maganar Aghali gaskiya ce ba. Abin da ya lissafa shi ne wannan: mai rakiya da ƙafa ba ya dawowa, amma mota mai gangar ruwa a baya tana barin sawun da za a bi a komo. In baƙon ya zo, sai motar ta kasance a tashe.

Da asuba ya fara. Juwan da aka danne rabi aka bari ya kwana da rairayi ba a yarda da shi, dole a sake. Ya kama kilen inda Illi ya bar shi. Hannunsa ya ƙi. Ya tsaya, ya karanta abin da ya sawwaƙa, sannan ya juya shi baya. Ya kwance kusoshin daga gefe zuwa tsakiya, ya jera su a kan buhu yadda suka fito, ya ɗaga kan ya ajiye a kan katako. Fuskar ƙarfen tana ƙyalli. Babu ɓurɓushin tsohon faifai ko ɗaya, ramukan kusoshi a bushe, an share su da tsumma a kan tsinke. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfensa ya leƙa ta rana, haske bai ratsa ba. Yaron ya yi aikin yadda ya kamata. Muktari ya goge wurin duk da haka, ya zubar da gurɓataccen man ya zuba sabo, ya wanke rairayin da ya shiga da gazuwal, ya kwantar da sabon juwan da ya zo da shi, ya duba ramukan ruwa sun hau kan 'yan uwansu. Wannan duka ya ci safiyar. Da ya mayar da kan ya sa kusoshi da hannu, inuwar motar ta shige ƙarƙashinta.

Ya ɗora kile a kan kusar tsakiya ke nan ya ji sallama a bayansa.

Murya ce ta dattijo, ba ƙarfi, ba rauni. Ya amsa kafin ya juya. Mutum ne dogo cikin baƙar riga da rawanin shuni, amawali har ƙarƙashin ido, sanda a hannu, babu raƙumi, babu salka. Filin nan ana hango mai zuwa tun yana kamar ƙuda, kuma Muktari bai daɗe da ɗaga kai ba. Bai dubi ƙasa ba. Bai so ya san ko akwai sawu.

"Sannu da aiki, mai mota."

"Sannu da rana, Baba. Bisimilla, ga inuwa."

Ya ɗaura bargo daga jikin motar zuwa sanduna biyu, baƙon ya zauna a ƙarƙashi ya tanƙwashe ƙafa. Suka tambayi juna gajiya da iyali da zafi. Kowace tambaya ya amsa ta daidai. Muktari ya karkaɗe murhun Illi, ya wanke butar da finjalan, ya hura gawayi.

A Abzin baƙo ba ya tashi kafin shayi na uku, mai gida kuma ba a gaggauta shi. Wannan kaɗai Muktari yake da shi. Ya sa gawayi kaɗan, wanda zai daɗe kafin ruwa ya tafasa.

"Baba, ka yi mini haƙuri, ina duba wuta ina duba ƙarfe."

"Yi aikinka."

Ya hau. Daga tsakiya, kaɗan, ya tsallaka zuwa ta gabanta, ya kewayo. Ƙarfen ya yi zafin da sai da tsumma yake kama shi. Ya gama zagayen farko, butar ta fara kuka. Ya sauko, ya fasa sukari, ya ɗaga butar sama ya zuba ya mayar har kumfa ta tashi, ya miƙa. Baƙon ya kai finjalin ƙarƙashin amawali. Ya dawo da shi babu komai.

Ya ƙara ruwa, ya janye garwashi biyu da gangan. Ya hau ya yi zagaye na biyu. A tsakiyarsa ya isa kusar da Illi ya tsaya a kanta, ya ja kilen ya wuce ta.

"Ƙarfen nan ya fi na wancan karon jin magana," in ji baƙon daga ƙasa.

Muktari bai saki kilen ba. "Ka taɓa zuwa wurin motar nan, Baba?"

"Na sha shayi a nan. Yaro mai tarbiyya. Ba a samun irinsu yanzu."

Shayi na biyu ya fito. Muktari ya sha nasa, bai ji ɗanɗanonsa ba. Saura zagaye na ƙarshe, da sandunan da ke buɗe numfashin inji, da bututan gazuwal, da ruwa, da batir. Ya zuba ruwa na uku a buta ya ɗora a kan toka kusan ba wuta. Ya yi aiki kamar yadda bai taɓa yi ba, ba da sauri ba, don sauri ke karya kusa, sai dai babu motsi ɗaya na banza. Ya ɗaure, ya daidaita, ya mayar da murfi, ya cika ruwa, ya buga famfon gazuwal har kumfar iska ta daina fita.

"Wutarka ta mutu, mai mota."

"Gawayin ne ba shi da kyau, Baba. Yanzu."

Ya hura. Ya haɗa batir, ya shiga ya murza. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. Butar ta fara kuka a ƙasa. A karo na gaba injin ya kama, ya girgiza motar duka, ya fitar da baƙin hayaƙi, sannan hayaƙin ya washe. Babu fari a ciki. Ya bar shi yana aiki, ya sauko ya zuba na uku.

Baƙon ya sha, ya kife finjalin, ya yi godiya, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Bari in taka maka," in ji Muktari. "Sai dai gwiwata ta tsufa, da mota zan bi ka."

"Yadda ka ga dama."

Ƙa'idarsa ita ce inji ya yi zafi, ya huce, a sake bin kusoshi, sannan a taka. Tunda ya fara aikin nan bai taɓa tsallake ta ba. Ya jefa kayan aiki a baya, ya hau, ya sa motar a tafiyarta mafi sanyi.

Mutumin yana gaba, yamma maso kudu, tafiyar dattijo, ba ya waiwaye. Motar tana binsa tana gurnani. Babbar mota ba a yi ta don tafiyar ƙafa a tsakar rana ba. Iska ba ta shiga gabanta, allurar zafi ta fara hawa. Muktari yana kallon allura, yana kallon baƙar rigar da ke rawa cikin kawalwalniya, wani lokaci kamar ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, amma a irin wannan zafi ko raƙumi haka yake zama. Ƙayar nan ta nesa ta wuce ta hagunsa ta ɓace. Daga nan babu abin da ido zai riƙe. Ya gane yadda abin yake: kowane lokaci sai ka ga kamar yanzu zai tsaya ya juyo ya ce ya isa. Kafaɗarsa ma takan yi kamar za ta juyo. Har a cikin mota, da ganga cike a bayansa, Muktari ya ji kunyar tsayawa.

Allurar ta kai bakin ja. Ya san in sabon juwan ya ƙone a nan, babu wani a akwati, kuma Amumun zai zo ya tarar da wurin mota babu mota. Bai tsaya ba. Ya cire rawaninsa, ya buɗe ƙofa don zafin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya ci gaba.

Ƙasa ta fara gangara. Suka shiga wani kwari marar zurfi wanda ba a ganinsa sai an zo bakinsa, gefensa dutse ne mai ɗorawa-ɗorawa da ya yi 'yar rumfa. Baƙon ya bi ta gaban rumfar ya wuce, bai rage tafiya ba. A ƙarƙashinta akwai mutum zaune, ya jingina da dutse.

Muktari ya taka birki. Ya bar injin yana juyawa a hankali don kada ruwan ya tafasa, ya sauko. Dattijon ya riga ya fara hawa ɗaya gefen kwarin. Muktari ya tsaya, bakinsa ya yi nauyi, don abin da zai faɗa ba a faɗa wa babba. Ya ɗaga murya.

"Baba, ni a nan na tsaya. Allah ya kai ka lafiya."

Bai juyo ba, bai amsa ba. Ya hau tudun, rigar ta yi ƙanƙanta, zafi ya haɗiye ta.

Hamada ba ta ruɓar da mutum, busar da shi take yi. Illi yana zaune ƙafafu a miƙe, ya ja rawani ya rufe fuskarsa, hannuwansa a kan cinya. Baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farcensa. Can cikin rumfar akwai wasu ƙasusuwa, tsofaffi ƙwarai, farare, ba na mutum ɗaya ba. Muktari ya kashe injin. Ya sauke ruwa daga ganga ya yi wa ɗansa abin da za a iya yi, a hankali, don jikin ba ya son taɓi. Ya naɗe shi da farin zanen da Hawa ta sa masa a ƙasan jaka. Ya haƙa da shebur ɗin mota a inda ƙasa ta yi laushi, ya tsaya shi kaɗai ya yi salla, ya kwantar da shi yana fuskantar gabas. Ya haƙa wani ramin ya tattara tsofaffin ƙasusuwan, su ma ya yi musu. Ya jera duwatsu, ya kafa wani tsohon ƙarfen mota a wajen kai, yadda mai nema zai gani daga bakin kwari.

Kafin ya gama injin ya huce. Ya buɗe, ya bi kusoshin daga tsakiya. Kowace ta karɓi ɗan juyi. Ya duba mai, baƙi ne mai tsabta. Ya juya motar ya hau kan sawunta, ya bi shi tun iska ba ta taso ba.

Amumun ya same shi washegari a inda ya bar shi. Ya ga rairayi a shebur, ya ga idon tsohon, bai yi wasa ba. Daga baya mutane sun tambayi Muktari yadda aka yi ya gano kwarin da masu raƙuma suka kasa ganowa. Wasu sun ce ya bi gangaren ƙasa ne, don mai ƙishi gangare yake bi. Bai musa ba, bai kuma ƙara komai a kai ba. Ya ci gaba da aikinsa har idonsa ya daina ganin haske a ƙarƙashin miƙaƙƙen ƙarfe, sannan ya bari.

Ranar da ya shiga gida, Hawa tana tsakar gida tana tankaɗe, Fadimata tana bakin ɗakinta. Ya zauna a kan turmi, ya nemi ruwa, ya sha.

"Na same shi. Na yi masa sutura, na yi masa salla. Wurin yana da alama."

Hawa ta ajiye rariyar. "A rana ka same shi ko a inuwa?"

"A inuwa. Yana zaune."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. Fadimata ta cire 'yan kunnenta da warwaron hannunta, ta zo ta durƙusa ta zuba su a cikin zanen surukarta, ta shiga ɗaki ta saki labule. Muktari ya tashi ya fita ya gaya wa liman, don a sanar da unguwa cewa gobe za a zauna karɓar gaisuwa.